Wuƙar wuta da wuƙar haske: sana'ar zane a ƙasar Damargu

 Yau shafinmu ya nufi arewacin jahar Damagaram, ƙasar Damargu, wato gundumar Tanut da gundumar Belbeji. Abin da ya kai mu shi ne wata tsohuwar sana'a, zanen ƙwarya da ice da fata, da kuma wata na'ura ta zamani mai yanka da zane da haske, wadda ake kira leza. Na'urar ta riga ta zauna a shagunan manyan biranen Afirka ta Yamma, kuma samarinmu masu tafiya cin rani suna iske ta a wuraren da suke neman aiki. Ya kamata su san ta tun kafin su sa mata hannu, domin amfaninta na da yawa, haɗarinta kuwa yana iya taɓa ido da huhu da dukiya.

Damargu, rumbun Azbin

Wanda ya tashi daga birnin Damagaram ya kama hanyar Agadas, in ya wuce Bakin Birji da Sabon Kafi, zai iso Tanut bayan tafiyar kilomita wajen 150. Belbeji tana can yamma, cikin ƙasar Tarka. A da tana ƙarƙashin Tanut, sai a shekarar 2011 hukuma ta ɗaukaka ta ta zama gunduma. Tun zamanin ayari Damargu mahaɗa ce. Nan Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma da dabino su koma da gero, nan Fulani ke bi da shanu in damina ta sauka, nan kuma Dagirawa da Hausawa suka kafa garuruwa suna noma a bakin iyakar da ruwan sama ke tsayawa. Matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a garin Tagelel ne suka rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, wanda ya kama hanyarsa dabam. Ya shaida cewa hatsin wannan ƙasa shi ke ciyar da mutanen Azbin.

Inda jama'a iri-iri suka haɗu, nan sana'a ke bunƙasa. Bafulatana na son ƙwaryar nono mai zane, Ba'abzine na son sirdin raƙumi da kube da jakar fata, uwar amarya na son ludayi da akushi da kayan jeren ɗakin ɗiyarta. Sai dai shekarun fari sun yi wa wannan kasuwa illa. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun halaka dabbobi suka talauta masu saye. Bayan haka kwanon tasa da robar kanti suka cika kasuwanni, ga arha, ga shi ba su saurin fashewa. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, domin ita ce abin da manomi ke riƙewa cikin dogon rani, lokacin da gona ba ta da aiki.

Yadda ake zane da wuta

Duma in ya ƙosa sai a yanke shi a bar shi ya bushe, a fafe, a jiƙa cikin ruwa har cikinsa ya yi laushi, a kankare, a shanya. Sa'an nan ƙwarya ta isa hannun mai zane. Wasu na sassaƙa da wuƙa mai sanyi, su kankare bayan ƙwarya su bar zanen ya fito. Wasu kuwa na ƙonawa da ƙarfe mai zafi, kuma su ne maganarmu ta fi shafa. Mai irin wannan aiki ba ya dogara da wuƙa ɗaya. Yakan jera biyu ko uku cikin garwashi, yana aiki da ɗaya sauran na ɗaukar zafi, yaro na gefe yana fifita wuta.

Abu na farko da yake lura da shi shi ne zafin ƙarfe. In ƙarfe ya yi ja ƙwarai, yana taɓa ƙwarya sai ya nutse, ya bar rami mai faɗi da ƙonannen gefe, wani lokaci ma ya huda ta. In ya huce, sai a yi ta ja ba ya barin komai sai ɗan tabo. Abu na biyu shi ne saurin hannu. Ƙarfe ɗaya, zafi ɗaya, in an ja shi da sauri ya ba da siririn layi mai ruwan ƙasa, in an ja shi a hankali ya ba da layi baƙi mai zurfi. Abu na uku shi ne maimaici: gwani ya fi son ya bi layi sau biyu da ƙarfe mai matsakaicin zafi, da ya bi shi sau ɗaya da ƙarfen da zai cinye ƙwarya. Yana aiki yana hure hayaƙi don ya ga hanyarsa. Kuma kafin ya taɓa ƙwaryar mai saye, sai ya gwada ƙarfen a jikin sakaina.

Haka maƙeran Abzinawa ke yi wa cokalin ice da ludayi da turakan gado ado da baƙin zane. Haka kuma makiyayi ke yi wa raƙumi lalas: ya san in ƙarfe ya daɗe a jikin dabba ya zama ciwo, in bai daɗe ba gashi ya tsiro ya rufe shaida. Babu wanda ya rubuta wannan ilimi a takarda. Yana cikin ido da wuyan hannu, ɗa na ɗauka daga uba. To, mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa, zafi da sauri da maimaici da gwaji, domin su za mu sake tararwa a jikin na'urar leza, sai dai a can an sa musu lambobi.

Mece ce leza?

Leza haske ne da aka tattara wuri ɗaya, aka sa shi tafiya a miƙe kamar zare. Yaran lakwal sun san wasan da ake yi da gilashin ƙara girman rubutu, a tara hasken rana a kan ɗigo guda har takarda ta kama wuta. Aikin leza ke nan, sai dai haskenta daga kuran yake fitowa, kuma ana iya auna shi. Wani masani ɗan Amurka, Theodore Maiman, shi ya fara kunna leza a shekarar 1960. A 1964 Kumar Patel, haifaffen ƙasar Indiya mai aiki a Amurka, ya ƙera irin wadda ke aiki da iskar gas da ake kira CO2, kuma ita ce har yau aka fi yanka ice da fata da ita. A 1967, a ƙasar Ingila, aka yanka farantin ƙarfe da irinta ana hura masa iskar oksijin, daga nan masana'antu suka karɓe ta.

Wadda ake gani a ƙananan shaguna akwati ne mai murfi, girmansa kamar tebur. A bayansa akwai doguwar kwalba ta gilashi, cikinta iskar CO2 gauraye da nitirojin da heliyam. In kuran ya ratsa kwalbar sai ta fitar da haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Madubai uku ke karɓarsa suna miƙa wa juna, har ya kai kan wani ɗan gilashi, shi kuma ya matse shi ya zama ɗigo wanda faɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Wannan ɗigo shi ne bakin wuƙar. Ana zana abin da ake so a kwamfuta, injin ya riƙa jan kan na'urar dama da hagu, gaba da baya, yana bin zanen. Ƙarfin irin waɗannan yakan kama daga wat 40 zuwa 150.

A yankinmu, ɗakunan ƙere-ƙere na jama'a da ake kira Fab Lab sun taimaka wajen kusanto da irin waɗannan na'urori ga matasa. An buɗe ɗaya a Takoradi ta ƙasar Gana a 2004, daga baya wasu suka biyo a Lome da Dakar da Wagadugu. Masu rubuta allunan shaguna, da masu yin hatimi da lambobin yabo, da masu yankan yadi da takalma su ma sun karɓe ta.

Abubuwan da ake daidaitawa

Na'urar ba ta san fata ba, ba ta san ice ba. Abin da aka gaya mata shi take yi, ko da zai cinye kayan ƙurmus. Saboda haka duk gwanintar tana ga mai daidaita ta.

Na farko shi ne ƙarfin haske, wanda ake rubutawa da kashi cikin ɗari, shi ne madadin zafin ƙarfe. Na biyu shi ne gudu, ana auna shi da milimita a kowane sakan, shi ne madadin saurin hannu. Waɗannan biyu tafiyarsu ɗaya: in ka ninka ƙarfi, ko ka rage gudu da rabi, zafin da ke shiga kayan ya kusan ninkawa. Domin zane ana son gudu mai yawa da ƙarfi kaɗan, haske ya lashi saman kaya ya wuce. Domin yanka ana son gudu kaɗan da ƙarfi mai yawa, haske ya samu lokacin da zai ratsa. A na'ura mai wat 60, ana iya fara zane da gudun milimita 300 a sakan da ƙarfi kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Yankan siririn katako mai kaurin milimita 3 kuwa ana iya fara shi da gudun milimita 15 zuwa 20 da ƙarfi kashi 60 zuwa 70. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, gwaji ne zai gyara su. Kada kuma a saba da kai ƙarfi kashi 100, domin yana tsufar da kwalba da wuri, ita kuwa tana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikin na'urar.

Na uku shi ne maimaici. In katako ya yi kauri, bi biyu da matsakaicin ƙarfi ya fi ba da tsabtar baki a kan bi ɗaya mai ƙuna, muddin ba a motsa kayan tsakanin bi na farko da na biyu ba.

Na huɗu shi ne tazara tsakanin gilashin da ke matse haske da saman kaya. Gilashin da aka fi amfani da shi yana haɗa haske a nisan milimita 50 da ɗan ɗoriya. In kaya ya yi sama ko ƙasa da wannan wuri da milimita biyu ko uku, ɗigo ya baje, wuƙa ta dakushe, zane ya fito da kauri, yanka ya ƙi ratsawa. Akwai hanya mai sauƙi ta gane daidai: a jingina ɗan katako a karkace, a sa na'ura ta ja layi ɗaya tun daga ƙasa har sama, inda layin ya fi siriri nan ne wurin. In abin da za a yanka yana da kauri, sai a ɗan sauko da wannan wuri cikin jikinsa.

Na biyar shi ne tazarar layi. Na'ura na cika zane da layuka jere da juna kamar kunyoyin gona. Kashi ɗaya cikin goma na milimita tsakanin layi da layi ya isa yawancin aiki. In an matse su fiye da haka a kan fata ko ice, zafi ya taru, zane ya ƙone, lokaci kuma ya tafi banza.

Na shida shi ne iska. A bakin na'urar akwai ɗan bututu mai hura iska kan wurin da ake yanka. Zuga-zugin maƙeri na ƙara wa wuta rai, wannan kuwa aikinta ta kashe harshen wuta, ta kore hayaƙi daga hanyar haske, ta kare gilashi daga kunkunniya. Ana ƙara ta wajen yankan ice da fata, ana rage ta wajen zane mai laushi.

Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a ɗora kayan mai saye, a samu guntun irin kayan, a zana masa ƙananan gidaje jere-jere kamar gidan dara. Daga hagu zuwa dama a riƙa ƙara ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa a riƙa ƙara gudu. In na'ura ta gama, ido zai nuna gidan da ya fi kyau. A rubuta lambobinsa cikin littafi tare da sunan kaya da kaurinsa da ranar gwaji, a rataye guntun a bango. Lambobin da wani ya bayar daga wani gari ba lalle su yi a nan ba, domin na'ura biyu masu suna ɗaya ba su da ƙarfi ɗaya, kuma kwalbar bana ta fi ta bara kaifi. Wannan guntu shi ne sakainar mai leza.

Kowane kaya da halinsa

Mu fara da fata, tun da ita ce arzikin ƙasarmu. A nan Allah ya ba mu sa'a. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, kuma fatar da aka jeme da bagaruwa ita ce mafi dacewa da leza: zane na fitowa da ruwan ƙasa mai duhu, yanka na ba da baki mai tsabta, hayaƙinta kuwa ƙauri ne irin na babbaka, wanda bututun fitar da hayaƙi ke kaiwa waje. Fatar akuya, irin ta jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, siririya ce, ƙarfi kaɗan ya ishe ta. Kirgin sa yana son a rage gudu ko a bi sau biyu. A shimfiɗa fata sosai a danne gefenta, domin in ta tashi tazara ta ɓaci. Wadda aka rina da karan dafi ko da kuloko a gwada ta dabam, don launi na sauya yadda haske ke kamawa.

Amma akwai fata biyu da ba su shiga wannan akwati. Ta farko ita ce wadda aka jeme da maganin kurom a masana'anta. In an yanka ta, cikinta na da launin toka mai sirkin shuɗi, in an ƙona guntunta tokar na yin kore-kore. Hayaƙinta na ɗauke da guba. Ta biyu ita ce fatar roba da ake rufe kujeru da sirdin babur da ita, wadda yawancinta PVC ce. In leza ta ƙona PVC sai ta fitar da iska mai kulorin, wadda ke cin huhun mutum, ta kuma sa ƙarfen na'ura tsatsa cikin ɗan lokaci. Ga gwajin da kowane maƙeri zai iya yi a fili inda iska ke kaɗawa: a ɗumama wayar jan ƙarfe a harshen wuta har ta yi ja, a taɓa guntun kayan da ita, a mayar cikin wuta. In harshen ya koma kore, akwai kulorin, sai a nesanta kayan da na'ura.

Ice kuma kowane iri da nasa. Dashi mara nauyi ne, yana kama wuta da sauri, yana son gudu. Aduwa da ƙirya masu tauri ne, suna ba da zane mai kaifi amma yanka su sai da haƙuri. Ɗanyen ice ba ya yankuwa da kyau, sai busasshe. Katakon kanti mai falle-falle yana da gam tsakaninsa, wani wuri haske ya ratsa, wani wuri ya tsaya, hayaƙin gam ɗin kuma ba abin shaƙa ba ne. In ana son kada hayaƙi ya ɓata fuskar katako, a liƙa masa takarda mai gam kafin aiki, a ɓare bayan an gama. A ƙasa irin Damargu, inda hamada ke ƙwanƙwasa ƙofa, kuma kowace ranar 3 ga Agusta muke fita dashen itace, kyakkyawan abu ne cewa na'urar na iya fitar da kaya mai daraja daga guntayen da kafinta ke zubarwa, ba sai an sare sabon ice ba.

Ƙwarya fa? A nan wuƙar haske ta gamu da gamonta. Mun ce milimita biyu ko uku na ɓata tazara, ƙwarya kuwa duk jikinta lanƙwasa ne. Na'ura za ta zana tsakiyar gindinta da kyau, tana matsawa gefe zanen na bajewa. Akwai abin juyi da ake ƙara mata domin kofi da kwalba, amma ƙwarya ba ta da daidaiton kwalba, kuma kaurinta ba ɗaya ba ne ko'ina. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ƙananan guntaye masu ɗan faɗi, irin na ƴan kunne da abin wuya. Babbar ƙwaryar jere da masakin nono suna nan hannun mai wuƙar wuta.

Robar nan mai kama da gilashi da aka sani da sunan Plexiglas tana yankuwa da kyau ƙwarai, bakinta ya fito sumul in an rage iska aka tafi a hankali. Iri biyu ce: wadda aka zuba a mazubi zanenta na fitowa fari kamar gari, wadda aka matso daga inji kuwa zanenta ba ya yin fari, ta fi kyau da yanka. Duk robar da ba a san asalinta ba a yi mata gwajin waya tukuna. Gilashi ba ya yankuwa, zane kawai ake yi masa, kuma shimfiɗa masa jiƙaƙƙiyar takarda na rage tsagewa. Yadin roba bakinsa na narkewa ya rufe kansa, ba ya zarewa. Na auduga yakan yi ɗan ƙauri a gefe. Takarda da kwali da kaba suna son gudu mai yawa da ƙarfi kaɗan, su ne kuma suka fi saurin tayar da gobara.

Ƙarfe kuwa ya fi ƙarfin ƙaramar lezar CO2. Azurfa da jan ƙarfe da alminiyam suna mayar da haskenta kamar madubi. Zane a kansu sai wata irin leza dabam da ake kira faiba, wadda wat 20 zuwa 50 ke isar ta ta rubuta suna a kan zobe. Abin wuyan azurfa na Agadas, wanda maƙeri ke siffantawa da kakin zuma, ya zuba narkakkiyar azurfa a mazubin yumɓu, ya goge da magagari ya zana da hannu, ba aikin wannan akwati ba ne.

Zafi da ƙura da kuran

Waɗanda suka ƙera na'urar ba su ƙera ta da tunanin bazarar Tanut ba. Kwalbar gilashi da ruwa ake sanyaya ta, kuma ruwan ana son ya tsaya tsakanin digiri 15 da 25. A watan Afrilu da Mayu zafin Damargu na haura digiri 40 a inuwa. In ruwa ya yi ɗumi ƙarfin haske ya ragu, lambobin da suka yi aiki da safe su ƙi yi da azahar, kwalba kuma ta lalace da wuri. Saboda haka tilas a tanadi injin sanyaya ruwa, a yi babban aiki da sassafe ko da dare, a zuba tataccen ruwa, domin ruwan rijiya mai gishiri na barin daskararren fari cikin kwalba.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu. In ta kwanta kan madubi ko gilashi, haske ya ƙona ta a wurin, gilashin ya yi tabo ko ya tsage. A riƙa share su da auduga mai laushi da ruwan alkol, a rufe na'ura in ba ta aiki. In yanka ya ƙi ratsawa alhali jiya ya ratsa, a duba tsabtar gilashi da tazara da ɗumin ruwa kafin a ƙara ƙarfi.

Kuran kuma yana son na'urar daidaita shi da wayar da aka binne a ƙasa. Kwalbar na aiki da ƙarfin da ya haura volt 15,000, kada wanda bai koya ba ya buɗe bayan akwati. Ba a aiki murfi a buɗe, domin hasken da ido ba ya gani yana iya ƙona ido kafin mutum ya ƙyafta. Ba a kuma barin na'ura tana yanka a tafi salla ko shan shayi. A tsayar da ita tukuna. Tukunyar kashe gobara ta zauna kusa, bututun hayaƙi ya fita waje nesa da inda yara ke wasa. Rigakafi ya fi magani.

Zanen na wa ne?

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi nauyi. Zanen da baduku ke kwana biyu yana yankawa da aska, na'ura na iya fitar da shi cikin ƴan mintoci, ta maimaita shi sau ɗari ba kuskure. Hoto ɗaya da aka ɗauka da wayar hannu a kasuwar Tanut ko ta Belbeji ya isa a kwafi adon jaka a wata ƙasa mai nisa, a buga shi kan fatar roba, a dawo da shi nan a sayar a ƙasa da kuɗin jima. In haka ta faru, masu zanen sun ba da gadonsu kyauta.

Akwai abin yi. Ƙasarmu tana cikin ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin ƙirƙira, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma ta wannan hanya aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista da sunan ƙasarsu. Dukawa da maƙera da masu zanen ƙwarya na Damargu, in sun haɗa kai cikin ƙungiya, za su iya tattara zanensu cikin littafi, kowanne da sunansa da garinsa, su nemi shawarar hukumar sana'o'in hannu kan yadda za a kare shi. Na'urar kuma ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiya ko cibiyar koyon sana'a ba. A can za ta iya ɗauke wa baduku aikin da ke cin lokaci, kamar yankan tafin takalmi da huda ramukan ɗinki, ta bar masa rini da ɗinki da ado. Kasuwa kuma tana nan kusa: tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar Olelewa cikin watan Nuwamba na 2011, ma'aikata da baƙi ba su yanke a wannan hanya ba, ga kuma bajekolin SAFEM na Yamai inda mata masu sana'a ke kai kayansu.

Ga samarinmu da za su tsaya gaban wannan akwati a Damagaram ko Yamai ko Kano, shawararmu ita ce: kafin ku tafi, ku zauna kwana kaɗan gefen tsohon da ke zanen ƙwarya a garinku, ku dubi yadda yake auna jan ƙarfe da ido, da yadda yake gwadawa a sakaina. Wanda ya gane wannan, lambobin kwamfuta ba za su ba shi wuya ba. Ga dattawan sana'a kuma, muna roƙo ku buɗe wa yara ƙofa, ku gaya musu sunan kowane zane da ma'anarsa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa sana'armu albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan shafi.